Zaƙamin Bakin Ngadda

Yayana Abdulsalami tela ne a unguwar Hausari ta Maiduguri, amma in ka saurare shi sai ka rantse shi ya koya wa likitocin Turawa allura. Babu abin da bai sani ba. Keken ɗinkinsa kaɗai ne ya gagare shi, don kowace riga ya ɗinka sai hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

Mahaifiyarmu, Ya Gumsu, ta daɗe tana fama da fuka. In ta taso mata, maƙwabciyarmu Margaret, mutuniyar Biu, takan ba mu busasshen ganyen zaƙami na bayan ɗakinta, mai farin fure. A ɗora kaɗan a garwashi, Ya Gumsu ta shaƙi hayaƙin, ƙirji ya buɗe.

Shekarar da jirgin ƙasa ya iso Maiduguri, akuyar Margaret ta cinye wa Yaya wani ƙyallen shadda. Shi ke nan, sarkin zuciya ya yi rantsuwa ba mai ƙara taka gidanta daga gidanmu. Saboda akuya!

Ranar sunan ɗansa na fari fuka ta kama Ya Gumsu tun da safe. Na yafa gyale zan fita, ya tare ƙofa.

"Ina za ki?"

"Wurin Margaret, Yaya. Ba ka jin numfashinta?"

"Zauna. Zaƙami ne babu a gari? Bakin kogin Ngadda cike yake da shi."

Ya dawo da ganye cike da hula, har da furen, mai ruwan shuni. Na ce wannan ba irin na Margaret ba ne, ita ma ta taɓa cewa 'yan uwa ne, amma dafin wani ya ninka na wani.

"Zaƙami zaƙami ne," in ji shi. "Launin fure kuma sai ku mata."

Ya busar da shi a kasko, ya zuba a wuta kamar mai turaren ɗaki.

Numfashi ya sauka, gaskiya. Yaya ya fita zaure yana ba baƙi labari. Kafin azahar Ya Gumsu ta fito tsakar gida, cike da matan suna, ba ɗankwali. Matar da ko surukanta ba su taɓa ganin gashinta ba. Tana tsintar abin da babu a ƙasa, tana kiran matattu, idanu kamar na mage. Mata suka yi ta sunkuyar da kai. Na tsani yayana a ranar, kuma ban ɓoye ba.

Margaret ce ta shigo ba gayyata, ta lulluɓe ta da zanenta.

Da hankalin Ya Gumsu ya dawo, wata mai dogon baki ta ba ta labari kaf. Ba ta yi wa Yaya faɗa ba. Ta rayu shekaru bayan haka a gidansa, tana amsa gaisuwarsa. Amma a ciwonta na ƙarshe, da ya miƙo mata moɗa leɓenta duk a bushe, sai ta kau da kai ta ce a kira mata ni.