Kifin da Mama Ta Ƙi

Malama Rifkatu na tsakiyar koyar da ɗalibanta ta tuna da robar da ta bari a kicin, sai alli ya faɗi daga hannunta.

A cikin robar akwai wani kifi siriri kamar igiyar shanya, baki dogo irin na tsuntsu, leɓɓan sun bauɗe ba sa haɗuwa. Femi, abokin karatunta da ke binciken teku a Legas, shi ya aro mata don ta nuna wa yara. Irinsa na zaune ne can ƙasan teku inda rana ba ta kaiwa. Ya shekara biyu a kwalbar maganin hana ruɓa, wanda guba ne. Da safe ta jiƙa shi a ruwa don warin ya fita, ta yi ta sake masa ruwa, sannan ta fice a gurguje.

Ga shi mahaifiyarta, Mama Saratu, jiya ta zo daga ƙauye. Ita kuwa Mama, duk kifin da ta gani a kicin ɗan miya ne, ba ta neman izinin kowa.

Sau bakwai Rifkatu ta kira wayarta, ba a ɗaga ba. Ta hau acaɓa zuwa gidanta a Bagama, tsoro ya cika ta, tana ta yi wa mai babur faɗan ba ya sauri, alhali bawan Allah har ya kusa kwashe mai lemo.

Tun daga ƙofa ƙamshin miyar kifi ya tare ta. Mama na zaune a tabarma, ta ci rabin tuwon acca.

"Mama, wane kifi kika sa a miyar nan?" in ji Rifkatu.

Sai da Mama ta suɗe yatsunta tas kafin ta ce bandar da ta sayo a Lambata ce. Wancan na roba kam, ta ce, har ta wasa masa wuƙa. Amma ita ba ta yanka kifi sai ta gano mafitar kashinsa, daga nan take tsagawa, haka uwarta ta koya mata. Ta laluba cikin har wutsiya, babu. Ashe abin na can ƙarƙashin maƙogwaro.

"Halittar da ke bayan gida ta wuya ba za ta shiga tukunyata ba. Yana can bayan ɗaki, na kife shi da faranti."

Rifkatu ta zube a tabarmar tana dariya, hawaye na zuba. Wannan sifar ce ta shirya za ta burge ɗalibai da ita gobe, har ta rubuta ta da jan biro.

Mama ta kalle ta sheƙeƙe, ta tura mata kwanon.

"Wanke hannu ki ci. Kuma ki gaya wa wanda ya sayar miki da shi ya cuce ki."