Ruwan da Aka Share

Duk Nguru babu wanda ya riga Baba Yuguda ganin kacalla. Haka yake faɗa, har ya gaji da faɗa. Tun tana tsiro uku a bakin ruwa ya nuna ta da gora, aka yi masa dariya. Ciyawar ta zo ta cinye tafkin, ta kori masunta zuwa dako da facin taya. Shi bai koru ba. Shekara talatin yana sare wa kwalekwalensa hanya da adda. Maciji ya sare shi sau biyu, ya tashi. Ko da yanar ido ta rufe masa gani bai fasa ba, sai ya koma tuƙi da kunne: ciyawa ta gogi katako ta dama, ya san ya iso kwana, ta gogi hagu, ya san inda ya kafa raga.

Bara ne kwalekwalen ya kife da shi. Ɗansa Zakir ya ɗaure kwalekwalen da sarƙa, ya ba Shuhada, babbar 'yar tsohon, makullin, ta tafi da shi Gashua inda take koyarwa. Wata tara tsohon yana zaune a gaɓa yana shaƙar ruwa.

Sai aka kawo inji ya share ɓangarensu cikin mako biyu. Ran da aka gama, ya ji injiniyan yana ta nanata wata kalma. Ya riƙe ta har Shuhada ta zo.

“Ke malama, mene ne firi?”

“Turanci ne, Baba. Abin da ba a ɗaure ba, ba kuma abin da ya tare shi. Ana faɗa wa mutum, ana faɗa wa hanya.”

“Ruwa ma?”

“Har ruwa.”

“To, an ce ruwa ya zama firi. Ubanki fa? Ko shi tunkiya ne?”

Ta daɗe tana kallon hannuwansa, duk tabon adda. Ta kwance bakin mayafinta, ta ciro makullin.

“Amma da ni za a shiga.”

“Shigo ki ga aikin maza.”

Masu gyaran raga suka miƙe suna kallo. Ya kafa gora, ya tura. Kwalekwalen ya tafi sumul, sauƙin da bai saba da shi ba. Ya sake turawa, ya kasa kunne. Dama shiru. Hagu shiru. Babu abin da ya gogi katako, sai ruwa ko'ina, iri ɗaya. Sun kwashe ciyawar, sun haɗa da hanyarsa.

Ya daina turawa.

“Baba, ina muka nufa?”

Can ya ce, ƙasa-ƙasa, “Shuhada, gaɓa tana ta ina?”

“Bayanka, ka ɗan karkata hagu.”

“Na sani. Gwada ki nake.”

Ita ta yi ta faɗa masa hanya, a hankali don kada a ji, har katako ya taɓa yashi. Ya lalubo sarƙar da kansa, ya zagaya ta a turke. Wani ya yi tari mai kama da dariya.

Baba Yuguda ya juyo wajen muryar, ya miƙa gorar.

“Wanda ya ce Yuguda ya ɓata, ga ta. Ya rufe idonsa ya shiga, ina nan zaune.”