Taraktar Aƙilu

Shekara goma sha ɗaya Aƙilu ya yi yana renon dashe a wani gandun itatuwa a Karaye, kafin ya ajiye aiki ya dawo Rogo ya kama na kansa. Sana'arsa gyaran fili ce. A kira shi ya baje filin ƙwallon makaranta, ko ya cike kwari a harabar asibiti, ko ya jera darbejiya da mangwaro a bakin hanya, duk da amalanken shanu. A bazarar 1989 sa ɗaya ya kwanta ya mutu, ɗayan kuma ya ƙi ja shi kaɗai. Aƙilu ya ce lokacin tarakta ya yi.

Ran Litinin suka hau motar Kano su uku: shi, da yayansa Sulle mai noma gonar gado a Fulatan, wanda ya sayar da gyaɗarsa ya sa hannu a sayen, da Ilu bakanike na Rogo Sabon Gari.

Alhaji Ɗantala, dillalin tsofaffin taraktoci, bayan an gama gaisawa sai ya ja su wajen wata ja ƙatuwa.

"Ga irin taku," in ji shi. "Wannan in ta shiga Rogo, har hakimi sai ya leƙo."

Sulle ya shafa tayar, wadda ta kai masa kafaɗa. "Ai wannan ita ce tarakta."

"Yaya," Aƙilu ya ce, "ƙofar makarantar Jajaye ko amalanke da ƙyar yake shiga. In na kai wannan, sai na rushe musu katanga kafin in gyara musu fili."

Can gefe akwai wata ƙarama shuɗiya, fentinta ya koɗe. Ilu ya tayar da ita, ya kasa kunne, ya zaga baya ya dubi hayaƙin, ya dangwali baƙin mai ya murza a yatsa.

"Lafiyarta ƙalau," ya ce. "Kuma kayan gyaranta ko ina akwai. Waccan in ta tsaya, sai an aika Legas."

Sulle ya haƙura da wannan. Rigimar sai da aka zo kan abin da za a ɗaura mata. Akwai garma, akwai haro mai farfasa ƙasa, da tirela, da wani faffaɗan ƙarfe na baje ƙasa, kuɗin da ke hannunsu kuwa bai wuce na biyu ba. Aƙilu ya nuna tirela da ƙarfen baje ƙasa.

"Garmar fa?" Sulle ya tambaya.

"Yaya, garma wata biyu take aiki a shekara. Tirela kullum ce: yashi, jar ƙasa, durom ɗin ruwan dashe."

"To ni me ya kawo ni Kano? Rakiya?"

Aƙilu ya sunkuyar da kai, don ya san maganar tana da gaskiyarta. Ilu ne ya sa baki, ya ce garmar mai faifai uku ce, ta fi ƙarfin ƙaramar tarakta, in aka matsa mata kafin kaka injin ya gama yawo. Sulle ya ce shi ke nan, a yi yadda aka ga dama. Suka biya, suka kamo hanyar Rogo.

Ran Juma'a babbar mota ta sauke taraktar. Filin Jajaye, wanda da shanu zai ci kwana tara, a kwana biyu Aƙilu ya gama shi. Mutane suka yi ta zuwa kallo, ban da Sulle. Abin ya tsaya wa Aƙilu a rai.

Da damina ta matso, sai ya roƙi wani hedimasta ya ɗaga masa aiki kwana uku, ya nufi Fulatan da tirela. Bai yi shawara da kowa ba, ya shiga kwasar taki daga turken gidan yayan nasa yana kaiwa gonar gado. Rana ta farko Sulle yana zaune a zaure, gaisuwa kawai ya amsa. Rana ta biyu ya ɗauko shebur. A ta uku, da suka sauke sawun ƙarshe, ya tsaya yana kallon sitiyari.

"Wai yaya ake ja da baya da wannan abin?"

Aƙilu ya sauka ya ba shi kujera. Sulle ya ja da baya, tirela ta karkace ta kwashe dangar maƙwabci, suka yi yammacin nan suna kafa ta. Gonar dai da shanun haya aka huɗe ta a wannan shekarar.