Jirgin 'Ya'yan Fari

Jiya da dare mafarki ya ɗauke ni ya kai ni wurin aikin babban ɗana. A farke ban taɓa zuwa ba. Abin da na sani, ma'aikatar gwamnati ce inda sojoji ke binciken ƙera jiragen yaƙi, kuma ba a barin kowa ya shiga. Ni dai na shiga.

Rana tsaka ce, amma inuwar kowane abu tana samansa, ba ƙarƙashinsa ba. A bakin ƙofa wani zakara ne tsaye cikin kakin soja. Ya karkata kai ya dube ni da ido ɗaya.

"Baba, kai ne uban matuƙin?"

"Ni ne."

"Ka makara. Cire hula, iskar ciki tana cin hula."

Ban cire ba. Zakara ba zai sa ni cire hula ba.

Sai ga ni a wani dogon ɗaki. An ɗaure iska a turke tana ta fizge-fizge. Mutane masu fararen riguna suna miƙa mata fukafukan ƙarfe tana shinshinawa. Wanda ta so su jingine, wanda ta ƙi su haƙa rami su binne. Can ƙurya wasu makanikai suna yi wa makami mai linzami wanka a baho, suna lallashinsa don kada ya tashi. Ba wanda ke magana da ƙarfi.

Wata mace mai anini a kafaɗa ta zo ta durƙusa ta gaishe ni. Ta ce ita ce Manjo Kuluwa, shugabar binciken. Bakinta a rufe yake, muryar daga bango take fitowa.

"Baba, mun daɗe muna neman jirgin da na'urar abokan gaba ba za ta hango ba. Mun gwada fenti, mun gwada toka, mun gwada fatar hawainiya. Duk ta gani. Daga baya muka gane ba ƙarfe take bi ba, suna take bi. Wanda ake yawan kiran sunansa a gida, tun daga nesa take tsinto shi. Shi ya sa muka koma ɗaukar 'ya'yan fari."

Na gane maganar. A gidanmu uba ba ya kama sunan ɗansa na fari. Nawa kuma sunan mahaifina ya ci, kunya ta zama biyu. Tun ranar da liman ya raɗa masa shi, sunan bai bi ta bakina ba. In yana gabana, "kai" ne. In ba ya nan, "wancan".

"Naka ya fi na kowa," in ji ta. "Ko mu ba ma ganinsa."

Na ji daɗi. Ban nuna ba.

"To me ya sa aka kira ni?"

"Tun safe ya tashi gwaji. Mu ba ma ganinsa, shi ba ya ganin ƙasa. Ba zai iya saukowa ba sai ubansa ya kira shi ta rediyo da sunansa na yanka."

"Ku ba ku da baki?"

"Mun kira. Namu kiran na aiki ne, ba shi da nauyi."

Ta ɗauko wata ƙwarya daga kan tebur. Akwai mai a ciki, baƙi, yana raguwa. Na juya ƙwaryar, ba huda ko ɗaya.

"Man jirginsa ke nan," ta ce.

"In ya ƙare faɗowa zai yi?"

"A'a, Baba. A nan ba a faɗowa. Sama ake faɗawa."

Sai ga mu a filin tashin jirage. Babu jirgi ko ɗaya. Bencina ne a jere har iyakar ganina, cike da tsofaffi irina, kowa da abin magana na rediyo a hannu, kowa ya ɗaga kai yana kallon sama. Ciyawa ta tsiro a kan takalman wasu. Na zauna kusa da wani da gizo-gizo ya yi saƙa tsakanin gemunsa da hannunsa. Ya ce sunansa Nomau.

"Naka ma?" ya tambaye ni, bai juyo ba.

"Nawa ma."

"Nawa tun damina ya wuce. Ban kira ba. A gaban jama'a? Me za a ce?"

"Ka yi daidai," na ce.

"Na sani. Sai dai in iska ta kwanta nakan ji tarinsa."

Manjo ta miƙo min abin maganar. Sanyi gare shi kamar tulun da ya kwana waje. Na gyara murya.

"Kai! Sauko."

Sama gaba ɗaya ta amsa. Muryoyi ne ba iyaka, na samari da na dattawa, daga gabas da yamma, duk a tare: "Na'am, Baba."

Tsofaffin ba su motsa ba. Hawaye na fita daga idanun wasu yana hawa goshi yana wucewa sama.

"Ba ku nake nufi ba," na ce. "Mai sunan babana nake nufi."

Waɗanda suka amsa sun ragu, amma har yanzu da yawa.

Na ce mijin Hansatu. Na ce wan Sagiru. Na ce mai tabon ƙuna a gwiwa. Rediyon sai shuu yake yi. Manjo ta karkato min ƙwaryar. Abin da ya rage bai fi a dangwala da yatsa ba.

Nan tsofaffin suka juyo da kawunansu lokaci guda, wuyoyinsu na ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

"Kada ka ba mu kunya," in ji Nomau. "In ka kira, mu fa?"

Gaskiyarsa ce. Ni ba mutumin da ke karya al'ada ba ne, kowa ya san ni.

Sai rediyon ya washe. Muryar wancan ce, can nesa, a hankali, yadda yake min magana in ya durƙusa a ƙofar ɗakina.

"Baba, akwai sanyi a nan. Amma ba komai. In ba zai yiwu ba, na sani. A gaishe da Inna."

Tun yana yaro bai taɓa roƙona komai ba. Yanzu ma bai roƙa ba.

Na buɗe baki. Harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Sunan ya maƙale a maƙoshi, ya yi tsatsa, na ji yana karce ni yana hawowa. Na tofar da jini. Na sake jawo shi. Na faɗa, da ƙarfi, har bencina suka girgiza. Ba zan rubuta shi a nan ba.

Tsofaffin suka rufe fuska da hannun riga. Can ƙololuwar sama wani ɗigo baƙi ya bayyana. Yana girma. Na ga fukafukai. Na duba ƙwaryar, ta bushe ƙaf, amma yana zuwa, ƙararsa na ƙaruwa, tana cika kunnena, ƙasa na rawa. Ban ga ya taɓa ƙasa ba.

Na farka. Ashe janaretan masallacin unguwa ne aka tayar don kiran asuba.

Matata na zaune a bakin gado, ta zuba min ido.

"Malam, sunan wa na ji ka kira?"

"Miƙo min buta," na ce. "In gari ya waye ki sa a buga wa wancan waya."