Hoton da Ke Bangon Mama

Wafula ya ƙi zama. Sau biyu ina nuna masa kujera, amma ya tsaya ƙyam a gaban teburina, takalman robarsa jiƙe da raɓa, warin maganin feshi na tashi daga rigarsa. Shekara goma sha huɗu yana shugabantar masu feshi a gonar furanninmu ta Naivasha, ba a taɓa kwantar da ko mutum ɗaya daga cikinsu a asibiti ba. Takardar sallamarsa na hannuna, ni na buga ta, ni na sa mata hannu.

"Madam Bosibori, kwalin jabu ne, ban musa ba," ya ce. "Saye na yi, don an ce ba za a ba ni shugabanci ba sai da shaidar gama sakandare. Amma ki gaya mini tsakaninki da Allah, furen nan ya taɓa tambayata kwali kafin ya buɗe?"

"Doka ce, Wafula. Turawan da ke sayen furanninmu sun ce a tantance takardun kowa."

"Haka ne." Ya karɓi takardar, ya ninke ta gida huɗu bai karanta ba. "Ku masu digiri ai ba za ku gane ba."

Ya fita, ya ja mini ƙofar a hankali. Da buga ta ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Ban gama haɗiye wannan ba sai ga kiran manajan gona, Mista Gathogo. Na same shi yana kurɓar shayi, fuskarsa wasai.

"Zauna, Bosibori, albishir ne. Shekara nawa kina riƙon ƙwaryar sashen ma'aikata?"

"Shida, yallaɓai."

"To ya isa haka. Hukumar gona ta amince a tabbatar miki da kujerar. Sharaɗi ɗaya ne, masu binciken da Turawan nan suka turo suna son ganin digirin shugaban sashe a fayil. Na duba naki ban gani ba, na ce ai na san kwanan zancen, mai gyaran takardun mutane ba ta da lokacin gyara nata. Ni da idona na ga hotonki da rigar yaye a falon mamarku, ranar da muka je gaisuwar mahaifinki. Ki kawo mini kwalin ranar Juma'a."

Na ce to. Na yi godiya har da murmushi. Sai da na koma ofis na lura cewa biron da ke hannuna ya tsage.

* * *

Hoton nan ba ƙarya ba ne gaba ɗaya, shi ya sa ya fi ƙarya ciwo. Na yi shekara huɗu a jami'a, na ci kowane kwas sai ɗaya. Shi ma ɗayan ba faɗuwa na yi ba, makin ne aka ce ya ɓata. Na rubuta jarrabawar, na sa hannu a takardar halarta, amma da sakamako ya fito sai aka bar gurbin sunana fayau.

Na je wurin malamin. Ya dube ni tun daga gashi har takalmi, ya ce irin wannan matsala ba a warware ta a ofis, akwai wani otal a bayan gari inda yake duba takardu ranar Asabar. Na ce ni Asabar coci nake zuwa. Ya yi dariya, ya ce to in roƙi Allah ya nemo mini makin. Na kai ƙara wurin shugaban sashe, na tarar abokin shan shayinsa ne. Wata uku ina sintiri, daga wannan ƙofa a tura ni waccan, har aka kafe sunayen waɗanda za a yaye. Na bi layin da yatsa sau uku. Babu Bosibori Nyakundi.

Kafin nan labari ya gama ƙauyenmu a Kisii. Ni ce mace ta farko a zuriyarmu da ta shiga jami'a, kuma a wurinmu ba a zuwa bikin yaye mutum ɗaya. An ɗauki shatar bas sukutum. Matan cocin Mama sun ɗinka anko, an sari ayaba, an dafa kaji, an sayo dogayen sarƙoƙin ƙyalƙyalin nan da ake rataya wa mai digiri a wuya. Mutum talatin da ɗaya suka bar gonakinsu. Na ɗauki waya ya fi sau goma zan ce kada su taso, bakina ya ƙi.

Ranar bikin na sami wani mai ɗaukar hoto a bakin ƙofar jami'a, yana ba da hayar riga da hula ga masu son hoto. Na saka, na kutsa cikin cincirindo, na laɓe a bayan wata rumfa har aka gama kiran sunaye ta lasifika. Da na fito, Mama ce ta fara hango ni. Ta rangaɗa guɗa, matan suka amsa, aka yi ta zuba mini ƙyalƙyali har ba na iya juya wuya. A hoton ina dariya. Har yau ban san daga ina dariyar ta fito ba.

Wata biyu bayan haka na zo Naivasha, na fara da rubuta sunayen 'yan aikin rana a bakin get. Ban taɓa rubuta wa gonar nan cewa ina da digiri ba, amma ban taɓa gyara wa wanda ya zata ina da shi ba. Na koyi dokar ƙwadago da karatun yamma, na yi difloma biyu a harkar kula da ma'aikata. Na san mutum ɗari takwas da sunansu. Na san wadda ke ɓoye ciki don tsoron kora, na san wanda ke zuwa a makare saboda yana jinyar uwarsa. Yajin aikin da aka yi shekara uku da suka wuce, a ƙarƙashin bishiyar bakin kanti na kashe shi, da butar shayi da awa biyar na sauraro. Duk wannan ba ya shiga fayil.

* * *

Ranar Laraba na faɗa wa Ondieki, ɗan ƙanen mahaifina da ke tuƙa motar kai furanni filin jirgi. Muna cin ugali, tuwon masararmu, da ganye a rumfar wata mata a bakin titi. Shi kaɗai na taɓa faɗa wa, kuma da ya ji sai ya ajiye lomarsa ya fashe da dariya.

"Kai, Yaya! Wato duk ayabar nan da na yi dako a banza na yi?"

"Ondieki, ba wasa nake ba."

"To mene ne abin tashin hankali? Gobe ina Nairobi. Akwai wani mutumina a wani lungu, in ya buga miki kwali, ita kanta jami'ar sai ta ji kunyar nata. Hatimi, sa hannu, har ƙamshin takardar. Wane aji kike so, na ɗaya ko na biyu?"

"Shekaranjiya na sallami Wafula a kan abin da kake faɗa."

"Wafula ai bai yi sa'a ba, hannunki ya faɗa. Ke kuwa hannun wa za ki faɗa? Wa ke tantance takardu a gonar nan? Ke ce fa! Ki tantance kanki, ki buga hatimi, a wuce wurin. Kuma ba sata za ki yi ba, kayanki ne aka danne miki."

Abin haushi, gaskiyarsa ce ta wani fannin. Na yi karatun, na biya da gumin Mama da na shanun Baba. Na ji raina ya karkata, ba zan ɓoye ba. Na ce masa zan kira shi kafin ya tashi.

Da yamma ina hanyar gida na hango Wafula a tashar babura, ya ari na wani yana jiran fasinja. Ya gan ni, ya cire hular kwano ya gaishe ni kamar yadda ya saba. Laifi tudu ne, in ji masu magana, ka taka naka ka hango na wani. Na tsaya a gefen titi na kira Ondieki, na ce ya bar zancen.

"Yaya, za ki mutu a riƙon ƙwarya!"

"Ka dai gaida Nairobi," na ce, na kashe wayar.

* * *

Ranar Juma'a na ajiye wa Mista Gathogo takardar makina ta jami'a. Na ɗora yatsa a kan gurbin da babu komai, na ba shi labarin tun daga farko, ban rage otal ba, ban rage mai hoto ba. Ya cire tabarau ya daɗe yana murza ido.

"Haba, Bosibori. Me ya kai ki faɗa mini? Da kin kawo ko me kika kawo, wa zai duba?"

"Ni zan duba, yallaɓai."

"Kin ɗaure mini hannu. Yanzu dole in nemo wani, kuma ke za ki koya masa aikin."

"Na sani. Ni zan rubuta tallar neman sabon ma, aikina ne. Amma ina da roƙo biyu."

Na farko, a bar mini ranakun Juma'a da rana in riƙa tafiya Nakuru. Na riga na bincika: tsohuwar jami'ata ta ce rajistata ta mutu tuntuni, malamin nan kuwa yanzu shi ne shugaban sashe. Wata jami'ar da ke Nakuru ta yarda ta ɗauke ni daga shekara ta biyu, karatun ƙarshen mako. Na biyu, a daina neman kwali wurin shugabannin ma'aikatan rumfunan furanni, a gwada su da aikin hannunsu, kuma a fara da Wafula.

Na farkon ya amince nan take. Na biyun muka yi ta ja har shayinsa ya huce. A ƙarshe ya ce Wafula zai iya dawowa, amma a matsayin mai feshi kawai, ƙarƙashin mutanen da shi ya koya wa riƙe bututu. Gwajin kuwa sai hukuma ta zauna. Na ce zan rubuta musu, in sun ƙi in sake rubutawa. Ya ce ya san zan aikata.

Bayan wata ɗaya aka kawo sabon shugaba, Mista Mutiso, mai digiri biyu da ladabi, wanda ya tambaye ni ranar farko ina ake ajiye fom ɗin hutun haihuwa. Na kwashe kayana zuwa ƙaramin tebur na bakin ƙofa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Raina ya ɓaci ƙwarai, na yi kuka a banɗaki sau ɗaya, sannan na wanke fuska na nuna masa inda fom ɗin yake. Ma'aikata dai har yau a teburina suke yin layi.

* * *

Saura Mama. Na hau mota zuwa Kisii, na same ta a falo tana tsince wake, idonta ya fara raguwa. Hoton na nan a inda yake shekara goma sha uku, sarƙar ƙyalƙyali guda rataye a jikin firam ɗin, hayaƙi ya dushe ta. Na durƙusa a gabanta.

"Mama, akwai maganar da na daɗe ina ɓoye miki. Hoton nan..."

"Sau uku aka kira Nyakundi," ta ce, ba ta ɗago daga faifan ba. "Na farko namiji ne, na biyu wata Moraa, na uku ma namiji. Ban yi boko ba, 'yar nan, amma kunnena lafiyarsa ƙalau. Awa biyar na yi a rana ina jiran sunanki."

Da ƙyar na iya tambayarta me ya sa ta yi guɗa.

"In yi me? Mutane sun baro gonakinsu. Kuma da kika fito na kalli idonki. Na ce ko me suka nema a wurin yarinyar nan, ba ta ba su ba. Guɗar wannan na yi."

Na kifa kaina a cinyarta, ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce in tashi kada in zubar mata da wake. Na gaya mata zancen kujerar da ta kuɓuce, da karatun Nakuru. Na miƙe na sauke hoton. Inda ya rufe ya fito fari tas a jikin bangon da hayaƙi ya rina. Na kai hannu zan zare ƙusar.

"Bar mini ƙusata," ta ce. Ta karɓi ƙyalƙyalin, ta kakkaɓe ƙurarsa, ta naɗe shi a hankali ta cusa cikin jakar da take zuwa coci da ita. "Shekara nawa karatun?"

"Uku, Mama."

Ta lanƙwasa yatsu uku, ta daɗe tana kallonsu, fatar duk ta yamutse.

"To ki yi sauri," ta ce.

Ta jawo faifanta ta ci gaba da tsince waken. Ni kuwa na zaro littafin darasin Juma'a daga jakata, na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, ƙarƙashin ƙusar da babu komai a kanta, na buɗe shafin farko.