Ranar da Abban Khaulah Ya Kare Kundinsa

A Taman Melati, unguwarmu a Malesiya, ranar da miji zai kare kundin digirinsa na uku, matan 'yan Najeriya ba sa jiran gayyata. Tun da hantsi suke cika gidan, a ɗora shinkafa, kowacce tana ƙyalla ido kan abin da za ta gada idan masu gida sun koma. Bintu, maƙwabciyata, ba kunya ba tsoron Allah, har ta fara auna firjina da taƙi.

Sun san ina da ciwon daji a mama, sun ga na murmure. Abin da ba su sani ba, ƙwayar da ta tashe ni a nan kawai nake iya samunta. Likitata ta yi mini bayani dalla-dalla: kamfanin da ya mallaki maganin ya sayar da izinin kasuwancinsa yanki-yanki. Wanda ya sayi na nan yana bayarwa wata-wata, ga mazauna ƙasar kaɗai. Na Afirka kuwa, kamfanoni biyu ke shari'a a kansa, kuma kafin alƙali ya yanke, ko kwali ɗaya ba zai shiga Kano ba.

Zamana a ƙasar nan a jikin bizar karatun Zahraddeen, mijina, yake rataye. Ya gama, mun gama.

Ni da na yi shekaru ina roƙon Allah ya nuna mini wannan rana, yau ita nake gudu. Tsoro nake ji.

Da asuba ya riƙe hannuna ya ce, "Walida, zan yi tuntuɓe da gangan. In masu jarrabawar suka ba ni babban gyara, mun samu shekara guda."

Mutumin da ko a firamare bai taɓa zuwa na biyu ba! Ban hana shi ba.

Bayan azahar aka ƙwanƙwasa. Bintu, wadda *lah* ɗin 'yan Malesiya ta kama wa baki, ta riga ni zuwa ƙofa da ludayi a hannu.

"Dakta! Yaya *viva*, an kare kundin? Faɗa mana *lah*, kar shinkafa ta huce!"

Bai dube ta ba. Ni yake kallo, kwat ɗinsa a hannu, idanunsa jajir.

"Ba gyara," in ji shi. "Ko ɗaya."

Guɗa ta tashi har maƙwabtanmu 'yan Malesiya suka leƙo. Ya ratsa matan ya iso kusa da ni, ya rage murya.

"Wallahi na yi shiru, Walida. Suka tambaya, na yi shiru. Sai babban cikinsu ya yi dariya, ya ce kar in damu, rubutun ya riga ya amsa."

Bintu ta rungume ni tana rangaɗa guɗa a kunnena.

"Maman Khaulah, sai gida! Yaushe ne tafiyar?"