Kunun Kanwar Zuwaira

Zuwaira matar Ladan ta taso daga Garam da damin itace a saman keke napep, da ƙullin kanwa mai girman kan jariri, da kuma cikakken yaƙinin cewa duk faɗin Suleja babu macen da ta san jego kamar ita. 'Yarta Rahama ce ta haihu, a gidan haya da ke bayan babbar kasuwa. Mijin, Khamis, Bakano ne mai aiki a Abuja, wato mutumin da ke yin rabin rayuwarsa a kujerar bas.

Tun ranar da ta sauka Zuwaira ta kafa tukunya a tsakar gida. Safe da yamma sai ta tafasa ruwa, ta tsoma ganyen darbejiya, ta fyaɗa wa mai jego har tururi ya rufe makewayi. Bayan wanka kuma sai kwanon kunun kanwa mai kauri. Haka aka yi mata, haka aka yi wa uwarta, kuma a iya saninta babu wadda ta taɓa kai ƙara.

Ba a daɗe da yin suna ba ƙafafun Rahama suka fara kumbura. In ta taka daga ɗaki zuwa bakin randa sai ta tsaya tana haki. Kwanciya ta gagare ta, sai dai ta jingina da bango ta yi barci a zaune, ga tari.

"Sanyi ne ya shige ta," in ji Zuwaira. Ta ƙara itace a murhu, ta ƙara kanwa a kunu.

Khamis ya ga abin, amma suruki ba ya musu da uwar matarsa. Ya durƙusa, idonsa a kan takalminsa, ya ce, "Inna, da ma cewa na yi ko za a kai ta a duba."

"A duba me? Ni na haife ta, ni zan gasa ta. Kai dai je ka kama motarka."

Bai kama motar ba. Ya ƙwanƙwasa wa maƙwabciyarsu Adeola, Bayarabiya mai sayar da atamfa, wadda ba ta da surukar da za ta ji kunyarta a gidan. Ta shigo, ta danna yatsa a ƙafar Rahama, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa.

"Mama, wannan ƙafa ba na haihuwa ba ne o."

Zuwaira ta buɗe baki za ta koya mata al'ada. Adeola ba ta tsaya ɗaukar karatu ba, ta sunkuci jaririn ta goya, ta fita ta tare keke napep. Khamis ya riƙo Rahama suka bi bayanta. Inda jika ya nufa kuwa dole kaka ta bi, ko tana so ko ba ta so.

A asibiti wani likita mai suna Fakhruddeen ya shafa wa Rahama wani mai a ƙirji, ya ɗora na'ura, ya daɗe yana kallon wani abu da ke motsi a allo. Sa'annan ya ce, "Ciwon zuciya ne."

Zuwaira ta juya a hankali. A karon farko tun da aka ɗaura aure, ta dubi surukinta ido cikin ido.

"Kai! Me ka yi mata?"

"Ni, Inna? Wallahi ko kallon banza ban taɓa yi mata ba."

"To ciwon zuciya daga sama yake faɗowa? Yarinya na cikin jini, ka ƙunsa mata baƙin ciki!"

Rahama ta yi ƙoƙarin dariya, tari ya tare ta. "Inna, ba irin wannan ba."

Likita ya danne tasa dariyar, ya juyo da allon. Ya ce ba ɓacin rai yake nufi ba. Naman zuciyar ne kansa ya saki, ya buɗe, ba ya iya tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ke taruwa a ƙafa da huhu. Ya tambayi abin da mai jego ke ci da sha. Zuwaira ta lissafa masa da alfahari, har da adadin kanwar da ta ƙara. Tana cikin lissafin ta lura da fuskarsa, muryarta ta yi ƙasa.

"Likita, ni ce na yi mata?"

"A'a, Baba. Ciwon kan kama mata bayan haihuwa, har waɗanda ba su taɓa ganin kanwa ba. Amma kanwa da gishiri suna riƙe ruwa a jiki, wankan nan mai zafi kuma wahala ne. Jakin da ya gaji ba a ƙara masa kaya. In aka daina, ta riƙe magani, akwai kyakkyawan fata. Kun kawo ta da sauran lokaci."

Aka ba Rahama gado. Zuwaira ta koma gida ɗauko kaya, ta tarar da tukunyarta a kan murhu, ruwan ya huce. Ta san abin da matan Garam za su ce: Zuwaira ta bar 'yarta ɗanya, ta sayar da jego don maganar yaron da ta yi jika da shi. Ta tsaya tana duban tukunyar. Sai ta tuna yadda yatsan Adeola ya nutse a ƙafar nan. Ta tuntsurar da ruwan a kwata, ta kife tukunyar. Ƙullin kanwar kuwa wata Bafulatana mai tallan nono ta samu, shanunta suka yi jego da shi.

Da aka sallamo Rahama, Zuwaira ta koyi miya marar gishiri, tana dafawa tana tsaki, tana cewa wannan ko fursuna sai ya yi yaji. Amma ita ce ke tsare da lokacin magani, babu ɗaga ƙafa. Ta dama fura ta kai wa Adeola da hannunta, ta ce, "Allah ya raya miki naki." Khamis bai samu ban haƙuri ba, domin suruka ba ta ba suruki haƙuri. Ya dai wayi gari cinyar kaza na yawan ɓacewa daga tukunya tana bayyana a kwanonsa.

Wata safiya Rahama ta ɗauki tsintsiya. Zuwaira na zaune da jikanta a cinya, ta bi ta da ido. Tun daga ƙofar ɗaki har zaure yarinyar ta share, ba ta tsaya ba, ba ta dafa bango ba. Tsohuwar ta goge ido da gefen mayafi, ta yi ta hamdala a ƙasan maƙoshi har ta ƙoshi, sa'annan ta gyara murya.

"Ke, kin bar shara a bayan randa."